Rumbun da Wuta Ba Ta Ci: Karatun Maganar Allah Kowace Rana

Zuwa ga 'yan'uwanmu masu bi da ke yankin Mabai, da sauran ƙauyukan ƙasar Ƙanƙara, da Faskari, da Sabuwa, da dukan jama'ar Allah a Dayosis na Katsina. Allah ya ƙara mana haƙuri da jimiri. Amin.

'Yan'uwa ƙaunatattu, za mu fara da wata tambaya, kowa ya amsa wa kansa a zuci. Daga Lahadin da ta wuce zuwa yau, sau nawa aka buɗe Littafi Mai Tsarki a gidanka? A gidaje da yawa da muke shiga, mukan tarar da Littafin a naɗe cikin leda, an ajiye shi a ƙasan akwati tare da katin baftisma da zanen aure. Ana girmama shi ƙwarai, ba a barin yaro ya taɓa shi da hannun miya. Amma ba a fito da shi sai ran Lahadi, ko ran da aka yi rasuwa. Ba don mu kunyata kowa muka faɗi haka ba. Mu ma da muke tsayawa a gabanku muna wa'azi, akwai ranakun da hidima takan sha kanmu, mu buɗe Littafin don neman abin da za mu faɗa wa jama'a, mu manta da abin da Allah yake faɗa mana. Saboda haka wannan gargaɗi namu ne duka.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana

Kun fi mu sanin abin da ƙasarmu ta gani. A ran 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Mayu na 2021 aka kai hari gidan firistoci na majami'ar Waliyyi Vincent Ferrer a Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello. A watan Mayu na 2022 aka sace firistoci biyu a Gidan Maikambo, cikin ƙasar Ƙafur. Waɗannan su ne duniya ta ji. Akwai kuma waɗanda jarida ba ta buga ba: shanun noma da aka kora, rumbunan da aka ƙone, gonakin da ciyawa ta cinye, iyalan da suka tashi cikin dare suka nufi Malumfashi, ko Funtuwa, ko Zariya, daga su sai kayan jikinsu. Wannan wahala ba ta tambayi addinin kowa ba. Mu da maƙwabtanmu Musulmi tare muka yi kuka, tare muka haƙa kaburbura.

Abin da muke so mu duba yau shi ne yadda wahalar ta taɓa ibadarmu. Da hanyoyi suka zama abin tsoro, Fada ya kasa kaiwa ƙananan majami'un ƙauye sai bayan makonni, wani lokaci watanni. Katikis ma mutum ne mai iyali, shi ma ya yi gudun hijira. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, aka daɗe a haka. Wanda ya saba jiran a turo masa karatun ranar ta waya, sai ya ga wayar ta zama dutse a aljihu.

A nan ne aka ga bambancin gida da gida. Gidan da duk abincin ruhunsa shi ne wa'azin ran Lahadi, da Lahadi ta zo ba Fada ba katikis, sai yunwa ta shiga. Daga yunwa sai tsoro, daga tsoro sai neman laya da guru, wasu kuma zuciyarsu ta cika da son ramuwa. Gidan da aka saba buɗe Littafin kullum kuwa, su ma sun yi hasara, su ma sun yi kuka, amma da dare ya yi a ɗakin aro a Funtuwa, sai maigida ya tara 'ya'yansa, a karanta, a yi addu'a, a kwanta. Sun bar majami'a a baya, amma Ikkilisiya ta bi su har inda suka sauka.

Ko an sami sauƙi a bana ko ba a samu ba, darasin yana nan. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Manna da rumbu

Littafin Fitowa sura 16 ya ba mu labarin abincin da Allah ya ciyar da Isra'ilawa da shi a jeji shekara arba'in. Kowace safiya sukan tarar da manna a ƙasa, kowa ya tsinci abin da zai ishe shi na yini guda. Wanda ya yi haɗama ya ajiye na gobe, sai ya wayi gari ya ga ta yi tsutsa tana wari. A rana ta shida kaɗai aka yarda su tsinci na kwana biyu, saboda hutun Asabar. Wanda ya makara kuma har rana ta yi zafi, sai ya tarar ta narke. Allah mai iko ne ya ba su abincin shekara a rana ɗaya, amma bai yi haka ba. Ya so su riƙa fitowa wurinsa kowace safiya da hannu buɗe.

Haka Maganarsa take. Babu wanda ke cin tuwon mako guda ran Lahadi, ya ce ya gama da abinci sai wata Lahadin. Karatu uku da Zabura da muke ji a Hadayar Misa ta Lahadi babban biki ne, amma ran Talata ma ana jin yunwa. Fushin ran Laraba, da jarrabar ran Alhamis a kasuwa, da tsoron daren Jumma'a, kowanne yana bukatar tasa manna.

Akwai kuma labari na biyu, a Littafin Farawa sura 41. Yusufu ya tara hatsi a Masar cikin shekara bakwai na ƙoshi, ya zuba a rumbuna, da shi aka ci shekara bakwai na yunwa. Kowane manomi a ƙasar nan ya san wannan hikima. Dawa da masarar da aka zuba a rumbu da kaka, su ne ke riƙe gida a watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba.

Labaran biyu ba sa karo da juna. Maganar Allah kullum ake tsintarta kamar manna, amma abin da aka tsinta aka tauna yakan taru a zuciya kamar hatsi a rumbu. Rumbun ƙasa mun ga yadda ake cinna masa wuta. Shanu mun ga yadda ake kora su. Ayar da ta zauna a zuciyar mutum kuwa, ba mai ashanar da zai ƙone ta, ba mai bindigar da zai kora ta daji.

Yesu a jeji, Irmiya a gaban wuta

Mu dubi Ubangijinmu kansa, a Bisharar Matiyu sura 4. Ya yi kwana arba'in a jeji yana azumi, shi kaɗai, ba majami'a, ba malami, ba littafi a hannunsa. Sau uku Iblis ya jarrabe shi, sau uku ya amsa masa da ayoyin Littafin Maimaitawar Shari'a. Daga ina ya ɗauko su? Daga abin da ya ji ya riƙe tun yana yaro a gidan Maryamu da Yusufu, da majami'ar Nazarat. In Ɗan Allah bai shiga jeji da rumbu fanko ba, ina ga mu?

Akwai abin lura a wannan labari. Iblis ma ya kawo aya. Ya ɗauko Zabura 91, ya murɗe ta, ya ce wa Yesu ya faɗo daga kan Haikali tun da an yi alkawarin mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi. Muna faɗin wannan domin mun san akwai gidajen da ake buɗe Littafin daidai kan wannan Zabura a ajiye a bakin ƙofa, ko a sa shi ƙarƙashin matashi, ba a karantawa, ana dai sa rai zai kare gida kamar laya. Akwai kuma masu rufe ido su buɗe shafi, su ɗora yatsa, su ce ga abin da zai faru, kamar masu duba. 'Yan'uwa, wannan ba hanyar Ikkilisiya ba ce. Kakanninmu da suka karɓi baftisma sun ajiye tsafi, kada mu komo da shi ta bangon Littafi Mai Tsarki.

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗa muku ita. Karatun Maganar Allah bai yi wa kowa alkawarin harsashi ba zai same shi ba. Firistocin da aka kashe da waɗanda aka sace, mutane ne da Littafin ke hannunsu safe da yamma. Abin da Maganar ke tsarewa shi ne zuciya. Ita ce ke hana mutum ya zama irin wanda ya cuce shi. Ita ce ke tuna wa uwar da aka kashe wa ɗa cewa Maryamu ma ta tsaya a gindin gicciye. Ita ce ke riƙe hannun saurayin da ke shirin ɗaukar fansa a kan wanda bai ji ba bai gani ba, don kawai yarensu ɗaya da masu laifi.

Ga waɗanda Littafinsu ya ƙone tare da ɗaki, muna ba ku labarin Irmiya sura 36. Annabin ya faɗi maganar Allah, magatakardansa Baruk ya rubuta. Aka kai wa Sarki Yehoyakim, yana zaune yana jin wuta lokacin sanyi. Duk sa'ad da aka karanta masa wani yanki, sai ya yanke shi da wuƙa ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare. Me ya biyo baya? Irmiya ya ɗauki wata takarda, ya sake faɗa, Baruk ya sake rubutawa, har aka ƙara a kan na farko. Takarda ce ta ƙone. Maganar tana nan da rai, ga ta muna karantawa bayan shekara fiye da 2,500.

Yadda Littafin ya iso hannunmu

Abin da mutum ya samu a sauƙaƙe yakan raina shi. Bari mu tuna wahalar da aka sha kafin Allah ya yi mana magana da Hausa a rubuce.

A shekarar 1857 wani mai bishara Bajamushe, J. F. Schön, ya buga Bisharar Matiyu da ta Yahaya da Ayyukan Manzanni da Hausa. A koyon harshen ya sami taimakon wani yaro Bahaushe, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda ya je Ingila tare da matafiyin nan Barth. Daga nan sai da aka yi shekara 75 kafin a sami Littafi Mai Tsarki na Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari a haɗe da Hausa, a shekarar 1932, bayan doguwar wahalar Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa. A shekarar 1979 aka sami sabuwar fassara mai saukin Hausa, wadda da yawanmu muka tashi da ita.

A ɓangarenmu na Katolika, a shekarar 1953 aka danƙa yankin Sakkwato, har da ƙasar Katsina, a hannun firistocin ƙungiyar Dominikan daga Amurka. Daga aikinsu aka sami majami'ar Malumfashi da makarantar horar da katikis da ke can. Iyayenmu da kakanninmu da yawa sai da furfura ta fara fito musu suka zauna a ajin yaƙi da jahilci, suna haɗa baƙi da wasali a hasken aci-bal-bal, babban burinsu su karanta Bishara da idonsu. A ran 16 ga Oktoba, 2023, aka yanke Dayosis na Katsina daga na Sakkwato, aka ba mu Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan wannan ƙasa, mai yi mana wa'azi da harshen da muka sha a nono. To, in tsofaffinmu sun koyi karatu domin Littafin, mu da muka iya karatu tun muna yara, wane uzuri za mu kawo?

Abin da Ikkilisiya ta koya mana

Mukan ji ana cewa 'yan Katolika ba sa karanta Littafi Mai Tsarki, ko kuma an hana su. Ikkilisiya ba ta hana ba. A ran 18 ga Nuwamba, 1965, Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da koyarwarta a kan Maganar Allah, inda ta bukaci a buɗe wa dukan masu bi hanyar samun Littafin, ta kuma gargaɗe su su riƙa karanta shi a kai a kai tare da addu'a. Ta tuna mana da Waliyyi Jerome, wanda ya zauna a Baitalami fiye da shekara talatin yana fassara, ya rasu a shekarar 420. Shi ne ya koyar cewa wanda bai san Littattafai ba, bai san Almasihu ba. A ran 30 ga Satumba, 2019, ranar tunawa da wannan waliyyi, marigayi Paparoma Francis ya keɓe Lahadi ta uku cikin Lahadodin shekara, wadda kan faɗo wajen ƙarshen Janairu, ta zama Lahadin Maganar Allah.

Ikkilisiya ta kuma tsara mana karatu. Na Lahadi yana zagayawa cikin shekara uku: shekarar Matiyu, shekarar Markus, shekarar Luka, ana kuma jin Yahaya musamman a lokacin Azumi da na Ista. Na sauran ranakun mako yana zagayawa cikin shekara biyu. Wato kowace rana ta Allah tana da karatunta. Wanda ya karanta Bisharar ranar a bukkarsa a Mabai, abu ɗaya yake ji da masu bi a Katsina, da Legas, da Roma. Ko Fada bai zo ba, ba a raba shi da jama'ar Allah ba.

In ba a hana mu ba, amma ana ta faɗa a kanmu, to mu bincika ko halinmu ne ya ba masu faɗa abin faɗa.

Yadda za mu yi

Na ɗaya, a tsai da lokaci. Abin da ba shi da lokaci ba ya samun yi. Mu dubi maƙwabtanmu Musulmi, mu yi koyi da naciyarsu. Alƙur'ani izu sittin ne, mai karanta izu biyu kullum yakan sauke shi a wata guda, da yawa kuma da asuba suke yi kafin su fita. Mu ma kiran asuba yana tashe mu. Minti goma sha biyar kafin a ɗauki fartanya sun isa. Gidan da safiya ba ta yiwuwa, a yi bayan tuwon dare, kafin yara su yi barci. A zaɓi ɗaya, a tsaya a kai.

Na biyu, a fito da Littafin daga akwati. A sa shi inda ido zai riƙa ganinsa, kusa da gicciye da carbin Rosari, nesa da ɗigon ruwa da gara. In za a saya, a nemi wanda yake da littattafai 73 cif, 46 na Tsohon Alkawari, 27 na Sabo, har da Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa na ɗaya da na biyu.

Na uku, a san inda za a fara. Da yawa sun fara daga Farawa da zafinsu, suka kai Littafin Firistoci, suka gaji, suka ajiye. Mai farawa ya soma da Bisharar Markus. Sura 16 ce kawai, in ana karanta rabin sura kullum, wata guda da 'yan kwanaki an gama. Daga nan sai Luka, sai Ayyukan Manzanni. Sabon Alkawari duka sura 260 ne. Wanda ke karanta sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, zai gama shi daidai cikin mako 52, wato shekara guda. A haɗa da Zabura ɗaya kowace rana, domin a cikin Zabura 150 ɗin nan akwai kukan wanda aka kora daga gida, akwai na wanda ke tsoron dare, akwai na mai godiya. Wanda ya fi son bin karatun Ikkilisiya na kowace rana, ya roƙi katikis ya rubuta masa jerin na wata guda a takarda, ya sa a cikin Littafin. Takarda ba ta bukatar caji.

Na huɗu, a san yadda ake ci. Masu zaman zuhudu na dā sun bar mana hanya mai sauƙi. Ka yi alamar gicciye, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka. Ka karanta a hankali, da murya, sau biyu. Sa'an nan ka tsaya kan kalma ko ayar da ta taɓa ka, ka yi ta juya ta kamar yadda saniya ke tuƙa bayan ta dawo kiwo. Sa'an nan ka amsa wa Allah da addu'a, da bakinka, a kan abin da ka ji. Sa'an nan ka yi shiru kaɗan a gabansa. Kafin ka tashi, ka tambayi kanka abu ɗaya da za ka yi yau saboda wannan magana: bashin da za ka biya, mudun da za ka cika, gaisuwar da za ka kai wa wanda kuke gaba da shi.

Na biyar, a haddace. Aya ɗaya a mako, dukan gida tare. A maimaita ta a hanyar gona, a bakin rijiya, a wurin daka. A shekara an sami aya 52. Wannan shi ne hatsin da ke shiga rumbun da muka ambata. Wanda aka tsare a daji ba a ba shi littafi, abin da ke kansa shi ne nasa.

Na shida, kada a karanta a kaɗaice kullum. A Ayyukan Manzanni sura 8, wani babban ma'aji na ƙasar Habasha yana cikin karusarsa yana karanta Annabi Ishaya, bai gane ba, bai kuwa ji kunyar faɗa ba, sai da Filibus ya hau ya bayyana masa. In ka gamu da wuri mai wuya, ka sa alama, ka kai wa katikis ko Fada. Kada ka gina koyarwa a kan aya ɗaya da aka tsinke daga 'yan'uwanta. Zumuntar Mata, da Zumuntar Maza, da ƙungiyar matasa, kowacce ta keɓe minti ashirin na taronta domin karanta Bisharar Lahadi mai zuwa tare.

Amsa ga masu uzuri

Wani zai ce, ni ban iya karatu ba. Baba, Inna, ba a bar ku a baya ba. Shekaru ɗaruruwa yawancin masu bi da kunne suka karɓi Maganar, Manzo Bulus ma ya koyar a Romawa sura 10 cewa ta wurin ji bangaskiya take zuwa. Ku sa jikanku ɗan firamare ya karanta, ku kuwa ku bayyana masa da abin da rayuwa ta koya muku. Shi yana da ido, ku kuna da fahimi. Timoti, abokin aikin Bulus, a hannun kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afniki ya sami bangaskiya, tun yana ƙaramin yaro ya san Littattafai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani zai ce, ba ni da kuɗin Littafi. Mun sani zamani ya yi tsanani. Amma mu kwatanta kuɗinsa da abin da ke tafiya a katin waya cikin 'yan watanni. Gida biyu ko uku suna iya haɗa hannu su sayi ɗaya. Muna kuma roƙon majami'un gari, da 'ya'yanmu masu albashi a Katsina, Kaduna da Abuja, su tuna da iyalan da Littafinsu ya ƙone. In ana kai musu masara da tabarma, a haɗa da Littafi.

Wani zai ce, da damina ba lokaci. Gaskiya ne aikin noma ba ya jira. To ranar da aiki ya yi yawa, a karanta aya biyar. Da yayyafi kogi kan cika.

Wani kuma zai ce, na sha farawa ina bari. Ka sake farawa. Manomin da shukarsa ta ƙone don ruwa ya ɗauke, ba ya rantsuwa ya bar noma, yakan sake shuka. In ka tsallake kwana uku, kada ka ce sai ka rama su duka, ka ɗora daga inda ka tsaya. In ka karanta ba ka ji komai ba, ka ci gaba. Ba ka tuna miyar da ka sha ran Litinin ta makon jiya, amma ta yi aikinta a jikinka.

Alkawarinmu

Ga abin da muke roƙo. A daren yau, kowane maigida, ko uwargida inda maigida ba ya nan, ya fito da Littafin, ya tara iyali, a buɗe Markus sura 1, a karanta daga aya 1 zuwa 20. Gobe a ɗora. Ran Lahadi mai zuwa, kowane katikis ya tambayi jama'arsa inda suka kai, a taimaki wanda ya tsaya. Mu ma da muka rubuto muku mun ɗauki wannan alkawari a gabanku, in kun gan mu ku tambaye mu inda muka kai.

Bari mu yi addu'a.

Ya Allah Ubanmu, kai da ka ciyar da jama'arka a jeji kowace safiya, ka ba mu yunwar Maganarka. Ka buɗe idon masu karatu da kunnen masu ji. Ka cika rumbun zukatanmu tun da sauran rana. Ka ji ƙan waɗanda suka rasu, ka komo da waɗanda ke tsare, ka mai da masu gudun hijira gidajensu, ka juyo da zukatan masu ɗauke da makamai. Ka ba ƙasar Ƙanƙara, da Faskari, da Sabuwa, da dukan Jihar Katsina zaman lafiya. Uwarmu Maryamu, wadda ta riƙe maganar Allah tana juya ta a zuciyarta, ki yi roƙo dominmu. Mun roƙa ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.